Awakin da Na Zana wa Baba

Abu na farko da na taɓa haɗawa a kwamfuta wani ɗan akwati ne ja, mai tafiya daga hagu zuwa dama idan na danna madanni. Ba ido, ba ƙafa, ba komai. Amma ranar da ya motsa sai da na miƙe tsaye a cikin aji, har na kusa da ni ya ja mini riga ya ce in zauna kada in tsinke masa wayar caji. A Birnin Kudu ne, a wani ɗaki mai faɗi da wata ƙungiya ta kama haya don koya wa matasa haɗa manhaja da wasannin waya, abin da yara ke kira gem. Aka raba mana laftof aro, kowacce da lambarta da farin fenti a baya, aka ce idan mun gama za a karɓa a kai wa wasu. Duk muka ce to, amma ban ga wanda ya saurari ƙarshen maganar da kyau ba.

Ni mutumin Sara ne, ta ƙasar Gwaram. A gidan gwaggona nake kwana a Birnin Kudu, ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci in hau mota in tafi gida, in dawo Lahadi. Malaminmu ɗan ƙasar nan ne, daga wajen Kiyako, ya je birni ya yi karatu ya dawo da tabarau da Turanci a baki. Ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don abin da zan faɗa a kansa nan gaba ba mai daɗi ba ne.

Shi ya koya mana irin wasan nan shimfiɗaɗɗe, mai tsawo da faɗi kawai, babu zurfi, kamar zane a jikin bango. Ya nuna mana yadda ake jera hotuna kusan iri ɗaya, a riƙa sauya su da sauri har ido ya ga tafiya. Ya nuna mana yadda na'ura ke gane cewa abu ya bugi abu. Na sha wahala a nan ba kaɗan ba. Waƙafi ɗaya in na manta a cikin rubutun umarni, komai sai ya tsaya cik, in wuni ina nema, ga zafi, ga ƙarar janareta. Da aka ce kowa ya zaɓi wasan da zai gina, 'yan ajinmu suka kama motocin tsere da jiragen yaƙi, mutanen da wasunsu ko keke ba su mallaka ba. Ni na ce awaki zan yi. Aka yi mini dariya, aka laƙaba mini Sarkin Awaki, ban kula ba, don ni na san wanda nake yi wa.

Kafin in fara karatun nan da 'yan watanni, Baba ya faɗi a gona lokacin yankan riɗi. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo a hankali, baki ma ya miƙe, amma hannun ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe ciki. Wata ma'aikaciya a asibiti, mai gasa masu irin wannan ciwo, ta ce akwai rai a hannun, sai dai kullum ya riƙa motsa yatsun, in an bar su suka sandare to shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isa gida ya miƙa wa jikokinsa, ya ce shi ya wuce wasan tamaula.

Abin da ya fi ci masa rai ba gona ba ce. Dattawan layinmu suna ciyayya a ƙofar gidanmu bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗa a ci tare, tun kafin a haife ni haka suke. Baba ba zai sa hannun hagu a kwano gaban sa'o'insa ba, ba kuma zai yarda a ba shi a baki ba. Sai ya daina fita. Inna ta kai masa tuwo ɗaki, ya saki labule, ya ci da hagu shi kaɗai, yana jin hirar abokansa ta bayan katanga. Su kuma kullum sai sun aiko a gaishe shi, ya ce a ce musu da sauƙi.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da Baba akwai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son abu a wurina, Inna yake gaya wa, ko da ina zaune a tsakar gidan: “Ki ce wa yaron nan kaza.” Ba zan iya zama gabansa in kama hannunsa in ce matsa, saki, matsa ba. Shi ba zai jure ba, ni ma ba zan iya ba. Amma na san abu ɗaya game da shi: a duniya ba abin da ya tsana kamar akuya a cikin shuka. Ya yi faɗa da maƙwabta, ya yi gaba da ɗan'uwansa na tsawon damina guda, duk a kan awaki.

Sai na zana gonar riɗi a ƙasan fuskar waya, kore shar. Awaki na shigowa daga gefe, farare da jajaye da wata baƙa mai ƙaho ɗaya da na yi ta musamman don ta fi kowa rashin kunya. In ka taɓa akuya da yatsa sai ta yi kuka ta juya da gudu. In ka bar ta, ta cinye kunyar riɗi guda. Kukan ma ba na saye ba ne, na akuyar gwaggona na ɗauka da waya.

Wata Juma'a na sa wasan a wayata, na ba Inna, na koya mata, na ce ta je ta yi a kusa da shi kamar ba da shi take ba. Na laɓe a zaure ina saurare. Ba a jima ba na ji muryarsa.

“Ke, ga ta can ta shiga! Ta hagunki! Kai, wannan mata, za ki bari su gama da gonar. Miƙo nan.”

“Da dama ake yi fa, Malam,” in ji Inna, yadda na gaya mata ta ce. “Wai ba ya jin hagu.”

Ƙarya ce, amma Allah ya yafe mana ni da ita. Ya ɗora wayar a cinya, ya ɗago hannun da ɗayan, ya miƙe manuniya da ƙyar. Da na ji akuyar gwaggo ta yi kuka a cikin ɗakin, na fita waje na tsaya a rana, don idona ya cika.

A makonnin da suka biyo baya muka shiga darasin da Malam ya fi ji da shi: fuskar manhaja mai lura. Wato abin da mutum ke gani yana taɓawa ya zama mai wayo, ya riƙa kallon yadda kake yi, ya daidaita kansa da kai. In ka iya ya ƙara wuya, in kana faɗuwa ya tambaye ka ko kana son taimako. Ƙa'idar a fili take: ka tambaya sau ɗaya. In mutum ya ce e, ka sauƙaƙa. In ya ce a'a, ka girmama shi, kada ka dame shi, ka ɗauka ya iya. Na rubuta wannan daidai yadda aka koya mana. Da yake Baba ajami yake karantawa ba boko ba, na ɗauki muryata na sa a ciki. In awaki suka fara rinjaye, wasan ya tsaya, muryata ta ce, “A taimaka?” Ga madanni kore na e, ga ja na a'a.

Baba ya danna ja, ko tsayawa tunani bai yi ba. Wasan ya ɗauka gwani ne, ya ƙara wa awakin gudu. Suka cika gonar, suka cinye ta tas, yatsansa na can a sama bai kai ko ɗaya ba. Ya sake, ya danna ja, suka sake cinyewa. Ya kifa wayar a tabarma. Ranar ko tuwon bai taɓa ba.

A mota, a hanyar komawa, na yi ta juya abin, har na gano inda ƙa'idar ta bar mu. A gidanmu in baƙo ya zo Inna ta yi masa tayin fura, cewa zai yi alhamdu lillahi, yanzu ya tashi daga kan abinci, ko da tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan amsa ce. Za ta ɗan ja hira, ta sake tayi. Ya sake ƙi. Sai ta tashi ta dama, ta ajiye ƙwaryar kusa da ƙafarsa, ta ce bari ta duba tukunya. In ta dawo ƙwarya wayam, kuma ba mai cewa uffan. Mutum ya sha, mutuncinsa yana nan. Haka aka rene ni, haka aka rene duk wanda ke zaune a ajinmu, har da mai koyarwar.

Na rushe wancan ɓangaren na sake gini. Yanzu wasan ya yi tayi, a ƙi, ya yi shiru. Can an jima ya sake, da wata kalmar: “A ɗan rage musu gudu?” A ƙi. Daga nan ba ya ƙara magana. A hankali yake rage wa awakin sauri, ya ɗan ƙara musu girma, ya bar su su tsaya shinshina a bakin gona kafin su shiga, duk ba tare da ya nuna ya yi komai ba. In hannu ya fara kaiwa, ya mayar da saurin kaɗan-kaɗan. Aikin ya ci mini kwanaki, amma ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Baba ya dawo kan awakinsa. Kowace Juma'a ina isa zan ji, “Ki ce wa yaron nan ya kawo wayar.” Na sa wasu awaki su riƙa shigowa bibbiyu don dole ya haɗa da ɗan yatsan tsakiya. Na sa ƙyauren gona da sai an matse da babban yatsa yake rufuwa. Yana zagin baƙar akuyar nan da sunayen da ban san ya iya ba. Wata Asabar Inna ta kira ni madafa, ta rage murya ta ce da safe ya riƙe ludayin koko da dama, ya kai baki, kaɗan ne ya zube. Ta ce ya tambaye ta ko babbar rigarsa mai ruwan ƙasa tana da wanki. Ita ce wadda yake sawa in zai zauna a ƙofar gida.

Ana saura kaɗan a yi bikin rufewa, inda manyan ƙungiyar za su zo su ga abin da muka yi, Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba aiki. Ya zauna a kujerata, ya buga wasan, ya danna ja, ya danna ja, sannan ya bi awakin da kallo. Ya buɗe rubutun ya karanta. Na ba shi labarin Baba duka, ban ɓoye komai ba.

“Allah ya ba shi lafiya,” ya ce. “Amma wannan ba zai wuce ba. Mutum ya ce maka a'a, ka zagaya ta bayan gida ka yi abin da ya hana. Yau awaki ne. Gobe wani ya yi haka da sirrin mutane, ya ce ai kunya ce ta sa suka ƙi. Masu duba aikin nan abin da suka fi tsana ke nan. Ka cire, ko in kasa sa maka hannu a satifiket.”

Maganarsa akwai gaskiya a ciki, na sani tun a lokacin. Amma ni bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci.

“Malam, kai in ka je gidan surukanka aka yi maka tayi, a karon farko kake miƙa hannu?”

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya gyara tabarau, ya ce, “Nan ba gidan surukai ba ne,” ya wuce kujera ta gaba.

Na yi abin da ya ce, don ina son takardar. Na mayar da wasan irin na littafi, mai tayi sau ɗaya, na sa shi a wayata don nuni. Wayar tsohuwa ce, ko hotuna sai na goge kafin ta karɓi abu, ba ta ɗaukar biyu. Na Baba na gaskiya na adana shi a laftof. An ce mana sai mako guda bayan biki za a karɓi kwamfutocin, saboda haka lissafina mai sauƙi ne: a gama biki, in mayar da nasa, in kai masa.

Ranar bikin aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, manyan riguna suka zo a makare. Wani baƙo ya karɓi wayata, ya kori akuya biyu, ya yi dariya ya ce wa na kusa da shi, “Ka ga abin da muke so ke nan, abin gida.” Aka ɗauke mu hoto. Ana gama raba lemo sai aka yi sanarwa cewa tun da motar ƙungiya ta zo, yau za ta tafi da kwamfutocin, kowa ya kawo tasa teburi. Aka yi layi. Malam na zaune yana karɓa, wani Alhaji daga cikin baƙin na gefensa yana sa wa kowa albarka. Layi ya zo kaina. Malam ya ɗora hannu a kan murfin, ya dube ni.

“Akwai abin da ya rage maka a ciki? Ko in bar maka ita zuwa wani makon?”

Ga Alhaji yana kallona, ga layi a bayana, ga mutumin da na sa aka yi wa dariya yana yi mini alheri a bainar jama'a. Na yi abin da kowane ɗan mutunci a ƙasar nan zai yi. Na sunkuyar da kai na ce, “A'a Malam, ba komai, an gode.” Na tsaya ina jiran ya sake tayi.

“To madalla,” ya ce. Ya rufe murfin, ya miƙa ta baya, ya ce na gaba ya matso.

Har yau ina jin haushin mutumin nan, kuma ba na jin zan daina. Da baƙon birni ne ya yi mini haka, da na ce bai sani ba. Shi ya sani. Uwarsa ma haka take tayi. Ya ji labarin Baba daga bakina, ya san abin da ke cikin kwamfutar, ya ga ban motsa daga gaban teburin ba. Kalma ɗaya ta rage masa, “Ka tabbata?”, ya riƙe ta. Washegari da sassafe na same shi a gida, na ajiye kunya na roƙe shi. Ya ce motar ta wuce tun jiya, kuma gogewa ake fara yi kafin a raba wa sababbi. Ya ƙara da cewa, “Ai na tambaye ka.”

Daga baya na bi shagunan buga takardu na Birnin Kudu da Gwaram ina neman inda zan sake ginawa. Kwamfutocinsu ba sa ɗaukar kayan aikin, masu su kuma ba sa son a sa musu abin da ba su sani ba. Satifiket ɗin yana cikin akwatin Inna. Amma duk wannan bai tsaya mini a rai kamar Juma'ar farko bayan bikin ba.

Na isa gida da la'asar. Ko ruwa ban sha ba na ji, “Ki ce wa yaron nan ya kawo wayar.” Na so in ce ta lalace. Na kasa, na ba Inna ta kai. Wannan karon ban laɓe a zaure ba, na bi ta na durƙusa a bakin ƙofa. Rigar mai ruwan ƙasa tana rataye a ƙusa, an wanke an buge.

Awaki suka shigo. Ya kori ta farko, ya kori ta biyu, ta uku ta kuɓuce. Wasan ya tsaya, muryata ta ce, “A taimaka?” Ya danna ja. Ya gyara zama yana jira su lafa kamar yadda suka saba, don shi a saninsa hannunsa ne ya fi ƙarfinsu. Suka ƙara gudu. Na ga yatsun nan da muka sha wahala a kansu suna bin fuskar wayar a makare, gona na ƙarewa kunya bayan kunya. Ya sake daga farko, haka. Ya sake, haka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya dubi hannun, ba wayar ba, ya ce wa Inna a hankali, “Ashe ya koma.”

Na kasa haƙuri. A karo na farko tun da na yi wayo na yi masa magana kai tsaye ba tare da ya nema ba.

“Baba, hannun bai koma ba. Wasan ne aka canza. In ya tambaya, ka danna koren, sau ɗaya kawai, za su rage gudu.”

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

“Muryar wa ce a ciki?”

“Tawa ce, Baba.”

“To ni ne zan ce wa ɗan cikina ya taimake ni in kori akuya?”

Ya ɗauki wayar da hagu ya miƙa wa Inna. Da aka yi magariba dattawa suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, suka aiko a gaishe shi. Ya ce a ce musu da sauƙi, sannan ya ce wa Inna ta sauke rigar nan ta mayar akwati, ta saki labule.